Yalwa Mai Jar Gwaiduwa

A Yako, idan baƙo ya ce gidan Maikano tela yake nema, sai an tsaya an yi tunani, domin teloli suna da yawa a garin. Amma idan ya ce gidan Yalwa mai ƙwai, ko 'yar talla za ta miƙa hannu ta nuna masa: ga shi can bayan masallacin unguwa, inda zogale ya leƙo ta saman katanga. Maikano, wanda shi ne mijin Yalwa, ya daɗe da sanin haka, bai kuwa taɓa jin haushi ba. Shi da bakinsa yake gaya wa abokansa cewa kaji ne masu gidan, shi ɗan haya ne.

Yalwa ba 'yar Yako ba ce. A wani ƙauye ta tashi kusa da Doguwa, a gindin duwatsu, inda rafi ya ratsa bayan gari, rugar Fulani kuma ba ta da nisa. Mahaifinta manomin masara ne. Gidansu cike yake da kaji, amma ba ta taɓa ganin wani ya damu da cikinsu ba. Da sassafe za su diro daga kan danga su bazu cikin gonaki, sai magariba su dawo a ƙoshe. Saboda haka ta girma tana ganin kaza halitta ce mai ciyar da kanta, aikin mai ita kawai ya bi lungu ya tsince ƙwai.

A kasuwar Doguwa suka haɗu da Maikano. Shi a lokacin saurayi ne mai ɗora keken ɗinki a mota yana bin kasuwanni, ita kuma tana sayar da dafaffiyar gyaɗa kusa da rumfar da yake zama. Ya yi ta sayen gyaɗa har abokansa suka fara tambayarsa ko likita ne ya rubuta masa ita. Da aka ɗaura aure aka zo tafiya da amarya, gwaggonta ta cusa wani kwando cikin kaya, da kaji biyu da ba su fara ƙwai ba da zakara guda, ta ce kada Yalwa ta je garin mutane ba ta da abin da za ta kira nata. Zakaran nan ya yi ta cara a mota tun daga Doguwa har Yako, 'yan rakiyar amarya suna ce masa ya yi haƙuri, shi ma aure aka kai shi.

Gidan Maikano a tsakiyar gari yake, katanga ta kewaye shi, tsakar gida a daɓe. Ba dama a bar kaji su fita, ga babura a kan hanya, ga shanyar maƙwabta. Sai Yalwa ta riƙa zuba musu dusa da ragowar tuwo, su kuwa suka ci suka yi ƙiba, suka hayayyafa. Cikin 'yan shekaru ta haifi 'ya'yanta, kajinta ma suka cika akurki. Da ƙwai ya fara yawa, Maikano ya haɗa ta da Sagir, mai shayin bakin tasha, wanda ya riƙa zuwa zaure yana karɓa.

Sagir mutum ne mai kunya. Ya daɗe yana haɗiye maganar kafin wata rana, bayan sun gaisa, ya sunkuyar da kai ya gaya mata cewa ƙwan nata yana ba shi wahala. Ya ce ɓawon ba ƙwari, kafin ya kai tasha wasu sun fashe a cikin kwano. Wanda ya tsira kuma in ya fasa, farin sai ya malale kamar ruwa, gwaiduwar ta yi fari fat kamar koko. Masu shan shayi har sun fara tambayarsa ko madara yake zubawa a ciki. Yalwa ta ji kunya ƙwarai, ta ba shi haƙuri, amma ba ta san inda za ta kama ba.

Abin bai tsaya nan ba. Wata safiya ta sa hannu a akurki ta taɓa wani abu mai laushi, ta janye da sauri. Ƙwai ne ba ɓawo, sai tantani kawai, yana motsi in an taɓa. Wata maƙwabciya ta ce baki ne ya kama kajin, wata ta ce a yanka wadda ta saka shi. Ga shi kuma kajin sun koyi fasa ƙwansu suna sha, sun kuma tasa katangar ɗaki a gaba suna saran farar ƙasar da Maikano ya shafa lokacin salla. Shi dai dariya yake yi, yana cewa in an bar su, kafin damina za su cinye ɗakin su bar masa ƙyaure.

A cikin wannan damuwa aka aiko mata cewa za a yi bikin ƙaninta a gida. Ta tafi a ƙarshen damina, ta sauka a ɗakin gwaggonta. Washegari gwaggon ta ce ta miƙo mata ƙwan da ke cikin ƙwarya za a kai wa mai saye. Garin ɗauka ɗaya ya suɓuce ya bugi bakin tukunya, ya gangara ƙasa. Yalwa ta ɗauka ta jujjuya shi, ko tsagewa bai yi ba. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ji shi kamar dutse.

Ta kwashe labarin kajinta ta gaya wa gwaggo. Tsohuwar ta tambaye ta me take ba su, ta ce dusa da tuwo.

Gwaggo ta ce, "Kullum? Ke yanzu in aka kulle ki a ɗaki, safe tuwo, dare tuwo, ba miya ba komai, da wane ƙarfi za ki tashi? Namu ba mu ba su komai, amma kuma ba mu hana su komai ba. Je ki ga abin da suke ci."

Yalwa ta ɗauki maganar da gaske fiye da yadda gwaggon ta yi zato. Ranar da mata ke ta kai da kawo wajen girkin biki, ita tana bayan gari tana bin kaji. Ta ga sun tone tarin kara suna wawar gara. Ta ga suna tsalle suna cafke fara, suna tsinkar ɗanyen haki da ganyen tafasa, suna tona busasshen kashin shanu suna cinye tsutsar ciki. Da rana ta yi zafi suka gangara rafi, ta bi su. A nan ta ga abin da ya fi tsaya mata a rai: bakin rafin cike yake da farfasasshiyar katantanwa, wato ɓawon dodon-koɗi, kajin kuwa suna tsince ta da ƙananan tsakuwa kamar an zuba musu gero. Nan take ta tuna farar ƙasar katangarta. Ashe ba ɓarna kajinta suke yi ba, abin yin ɓawo suke nema.

Da ta dawo gida zaninta duk ƙaiƙayi, 'yan'uwa suka sa ta a gaba da tsiya, wai an gayyato yayar ango ta tafi zumunci wurin kaji. Ta bar su suka yi dariyarsu, sannan ta roƙe su su raka ta rafi da yamma. Suka tafi da ƙore, suna tsinta suna hira, har suka cika mata buhu.

Tafiyar buhun nan ta zama labari. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya yi ƙara kamar an girgiza caki. Tun kafin Tudun Wada yaron mota ya tambaye ta ko kayan kiɗa ne. Wani dattijo da ke kusa da ita ya ɗauka mai magani ce, ya fara yi mata bayanin ciwon gwiwarsa. Da ta ce abincin kaji ne, mota ta kaure da dariya, ita ma ta taya su. A Kwanar Ɗangora mai babur ya ɗaure buhun a baya, suka shiga Yako yana kacau-kacau. Maikano ya kwance bakin buhu ya leƙa, ya ce matan mutane in sun je Doguwa da zuma da man shanu suke dawowa, shi ga tsarabarsa.

Ta ƙona katantanwar a wuta, ta daka ta a turmi, ta zuba a wani tsohon kasko ta ajiye a bakin akurki. Ba ta haɗa da abinci ba, ta bar su kowace ta ɗiba yadda take so. Masu yin ƙwai suka yi caa a kai, zakaru kuwa ko kallo. Sannan ta roƙi Sagir ya daina zubar da ɓawon ƙwan da ya fasa, ya tara mata. Takan shanya shi ya bushe, ta soya a busasshen kasko, ta dake shi lukui yadda kaza ba za ta gane ƙwai ba ne balle ta koyi fasa nata. Ƙashin da aka ci nama ma ta daina yarwa, wuta yake shiga daga nan sai turmi. Kafin wata ya zagayo kajin suka rabu da katanga, ƙwai kuma ya fara isa tasha lafiya.

Sauran aikin a hankali ya zo, shekara da shekaru, yau ta gwada wannan gobe ta gwada wancan. Da yake ba ta da daji a cikin gida, sai ta riƙa kawo musu dajin. Ta sami tsohuwar tukunya ta cusa mata guntayen kara da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa, Maikano ya kai gonarsa ya kife a gindin suri. In ya je da safe ya ɗago, tukunyar ta cika da gara, ya ɗauro ta a bayan keke ya kawo. Duk ranar da tukunyar nan ta shigo gida, kaji tun daga zaure suke tarar sa, har su kan hana shi jingine keken. Ta dasa zogale a gindin katanga inda ruwan wanke-wanke ke bi, ta riƙa ɗaure ganyen a igiya tana ratayewa daidai tsayin da sai kaza ta ɗan yi tsalle. Ta sa Maikano ya ware kunya kaɗan a gona ya shuka jar masara. Da waken suya ya yawaita a ƙasar, mata suka shiga sana'ar awara, ita ma ta shiga, kuma abin da ya fi jan ta shi ne dusar da ke ragewa bayan an tace. Ita take turarawa ta cuɗa da dusar masara da garin ƙuli-ƙuli.

Wata rana da hantsi Sagir ya yi sallama a zaure, ba lokacin zuwansa ba. Yalwa ta fito, ta ɗauka wani ƙorafin ne. Sai ta gan shi da farantin tangaran da ƙwai guda a hannu. Ya durƙusa ya fasa a farantin, ya tura mata. Gwaiduwar ta tsaya a dunƙule, jawur kamar manja, farin ya taru a jikinta bai malale ba. Ya ce masu motar da ke tsayawa a teburinsa yanzu ba sa cewa a soya musu ƙwai, cewa suke a soya musu mai jar gwaiduwa, in babu su haƙura. Ya ga bai kamata ya riƙe wannan magana shi kaɗai ba. Yalwa ta daɗe tana kallon farantin, ta yi godiya ga Allah, ta koma ciki ta ƙara wa kajin zogale. Daga teburin Sagir sunan ya bi gari, har ya zama nata.

Ba kullum aka yi daɗi ba. Wata shekara da sanyi annobar kaji ta shigo Yako. Yalwa ta sayo wata kyakkyawar kaza a kasuwa ta sake ta cikin nata, kwana kaɗan suka fara saukar da fukafukai suna gyangyaɗi, wuya yana murɗewa. Ta ba su jiƙon maɗaci, ta ba su barkono a ruwa, ba abin da ya yi. Kullum da safe sai Maikano ya fita da wasu ya binne. Akurki ya zama fayau. Yalwa ta yi kuka a ɗaki, ta ce ta bar kiwo ke nan.

Amma da annobar ta wuce, mata suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da kaza a hammata. A shekarun baya Yalwa ta saba, duk wadda ta haihu ko ta aurar da 'ya a unguwa, takan aika mata da budurwar kaza, ta manta. Waɗanda nasu suka tsira su ne suka dawo mata da irin kajinta. Ta riƙa karɓa da hawaye da dariya a haɗe.

A wannan shekarar ta san Salamatu, malamar dabbobi da ke zuwa daga Kiru tana zaga gidaje. Salamatu ta nuna mata rigakafin da ake ɗiga wa kaji a ido kafin sanyi ya shigo, ta ce duk kazar da aka sayo a ware ta tukuna a ga lafiyarta. Ta ƙara mata da wasu abubuwan da ba ta sani ba: kada ta ba su ɗanyen waken suya sai an soya, ta riƙa wanke kaskon ruwa kullum domin kaza mai ƙishirwa ba ta ƙwan kirki, kada kuma ta wanke ƙwai da ruwa in za a ajiye shi, a goge kawai a sa a wuri mai sanyi kusa da randa. Ita kuma Salamatu da ta ga tukunyar gara ta yi murna, ta riƙa ba da labarinta a sauran ƙauyuka. Suka zama ƙawaye, har Salamatu in ta zo Yako a gidan take yin sallar azahar.

Akwai wani abu da duk wanda ya ji yake mamaki. Duk waɗannan shekarun, Yalwa ba ta taɓa sa ƙwai a bakinta ba, ba a kuma taɓa dafa shi a tukunyarta ba. A gidansu an tashe su da cewa ƙwai ba abincin mata da yara ba ne, yaron da ya saba da shi hannunsa zai yi tsawo ya zama ɓarawo. Kakarta ce ta faɗa, ita kuwa ba ta taɓa tsayawa ta tambaya ba. Ta san Maikano yana ci a wurin Sagir, wannan harkar maza ce, ba ruwanta.

Autarta Nusaiba ta yi aure a Bebeji, ta haifi 'ya aka sa mata Mubaraka. Bayan yaye yarinyar ta rame, ta ƙi abinci, gashinta ya yi ja, ba ta son wasa. Nusaiba ta kai ta asibiti, daga nan ta wuto Yako don ta kwana biyu a gida. Da yamma suna zaune a tabarma, Maikano yana gefe yana sa maɓalli a wata riga, Nusaiba ta ce malamar asibiti ta ce ba wata cuta ba ce, abinci mai gina jiki ne ya yi wa yarinyar kaɗan, a riƙa ba ta ƙwai kullum tare da kunun gyaɗa da wake. Ta ce shi ya sa ma ta taho, tunda ga ƙwai a gida.

Yalwa ta ɗaure fuska. Ta ce wake da kunu ko yanzu ta tashi ta dama, amma ita ba za ta ɗauki ƙwai da hannunta ta lalata jikarta ba. Nusaiba ta dubi mahaifinta. Maikano ya ciji zare, ya ajiye rigar.

Ya ce, "Yalwa, in za ki yi tafiya, cikin 'ya'yanki wa kike bar wa mabuɗin ɗakinki?"

Ta ce, "Wannan ai ka sani, Malam. Ga ta nan zaune."

"Ta taɓa ɗaukar miki ko allura?"

"Allah ya kiyaye. Ko tsintuwa ta yi a hanya sai ta yi cigiya."

"To tun tana aji ɗaya, duk ranar da na ɗauke ta a keke zan kai ta makaranta, sai mun tsaya wurin Sagir an soya mata. Ita da yayyenta duka, ba wanda bai ci ba."

Yalwa ta juya ta dubi Nusaiba, ta ga ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Ta sake duban mijinta. Tambayar da ta fara zuwa bakinta ita ce ƙwan wa aka ba su.

Maikano ya ce, "Naki mana. Ina da mai jar gwaiduwa a gida zan ba 'ya'yana na wani?"

Ta so ta yi fushi, har ta buɗe baki, dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har da riƙe ciki, tana cewa ashe shekara da shekaru taron dangi aka yi mata a cikin gidanta, har da Sagir mai sunkuyar da kai. Duk da haka ba ta sauka daga ra'ayinta a daren ba. Da safe ta sa mayafi ta je gidan malamin unguwa ta tambaya. Malam ya ce shi bai ga wannan a littafi ba, ƙwai halal ne ga babba da yaro, mace da namiji. A ganinsa mutanen zamanin da suna so ne a bar wa kaza ƙwanta ta ƙyanƙyashe, shi ne suka tsorata yara.

Ta dawo ta zaɓi ƙwai masu ɗumi daga akurki ta ɗora a wuta. Sai da ta tambayi Nusaiba yadda ake gane ya dahu, Maikano kuwa ya bar shagon ɗinkinsa ya dawo gida don kada a ba shi labari. Da ta ɓare, ta ce ba za ta ba jikarta abin da ba ta san ɗanɗanonsa ba. Ta raba shi biyu, ta barbaɗa gishiri da ɗan yaji, ta yi bismilla ta sa a baki. Suna kallonta tana taunawa a hankali, ido a rufe.

Ta buɗe ido ta ce, "Ashe abin da nake sayar wa mutane ke nan. Nusaiba, miƙo min wancan."

Mubaraka da farko ta tofar. Yalwa ta marmasa gwaiduwar a cikin kunu, ta ɗora yarinyar a cinya tana nuna mata kaji tana ɗura mata kaɗan-kaɗan. Kwana biyun da Nusaiba ta zo yi ya zama wata guda. Kafin su koma Bebeji kumatun yarinyar sun fara fitowa, tana bin 'yan tsaki da gudu tana faɗuwa tana tashi. Maikano yana kiranta amaryarsa, yana cewa saura kaɗan ta fi tsohuwar kyau. Ranar tafiya Yalwa ta haɗa su da kaji masu ƙwai, da ƙullin garin katantanwa, da reshen zogale na dasawa.

Tun daga nan ta sauya tsari. Na gida take fara warewa kafin na Sagir, shi kuwa bai yi ƙorafi ba. In mace mai ciki ko mai goyo ta shigo sayen awara, sai Yalwa ta sa mata ƙwai a leda ta ce kyauta ce, ta dafa ta ci ita da yaron. In ta ga matar tana ɗari-ɗari, ta zaunar da ita ta ba ta labarin keken Maikano da teburin mai shayi. Ba wadda ta ji labarin ba ta yi dariya ba, mafi yawansu kuma sun karɓa.

Yanzu Yalwa ta manyanta, gwiwa ta fara ƙi, ba ta iya doguwar tsayuwa a kan tukunyar awara. Ta bar sana'ar ga wata maƙwabciya da sharaɗin dusar tata ce. Amma kiwo yana nan. Da asuba bayan salla ita take buɗe akurki, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne tana duba su ɗaya-ɗaya, ta san wadda ta yi ƙwai jiya da wadda ke shirin kwanci, ta san mai haɗama da wadda ake turewa a bakin kasko, ita wannan a hannu take ba ta.

A farkon daminar bana wata kaza da take ji da ita ta ɓace, baƙa mai fari a ciki, wadda take kira Shamuwa. Aka duba bayan ɗaki, aka duba maƙwabta, ba ita ba alamarta. Kowa ya ce muzuru ne. Maikano ya zo ya durƙusa a gabanta ya yi mata gaisuwa kamar an yi rashi, ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Ta haƙura, ko da yake duk safiya sai ta waiwaya wajen zaure.

Makonni suka wuce. Aka yi hutun makaranta, aka kawo Mubaraka, wadda yanzu ta shiga firamare. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, rana ta fito, ƙasa tana ƙamshi, Yalwa tana zaune tana tsince shinkafa, sai yarinyar ta zo da gudu ta kama hannunta tana ja, ta ce Kaka ta zo ta gani. Daga ƙarƙashin tarin itacen da ke bayan madafa Shamuwa ce ta fito, ta rame, ta buɗe fukafukai tana ƙoƙ-ƙoƙ, 'yan tsaki suna biye da ita, baƙaƙe da farare da masu ɗige-ɗige, suna tuntuɓe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mubaraka ta kwanta ta leƙa ƙarƙashin itacen, ta ce ba sauran ƙwai ko ɗaya, sai ɓawo.

Yalwa ta manta da ciwon gwiwa. Ta aiki Mubaraka ta ɗebo ruwa a murfin kwano mara zurfi don kada 'yan tsakin su faɗa, ita kuma ta shiga ɗaki ta ɗebo tsakin masara. Ta watsa a gaban uwar, tana yi mata faɗa a hankali kan tashin hankalin da ta sa mutane. Shamuwa ba ta kula ta ba, ta ɗauki ƙwaya ta ajiye, ta kira 'ya'yanta. Yalwa ta jawo kujera ta zauna kusa da su, ta ce wa Mubaraka ta ruga shago ta kira kakanta, ta gaya masa ya zo ya karɓi gaisuwar rashin da ya yi mata, an mayar masa.